Nimgir, Ɗalibin Hurul da Ya Koma Mahauci

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Bor Hudug ya san Nimgir Shurguchiyev da wuƙa a ɗamara. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ba ya son yawan magana. In za a yi biki ko an yi baƙi, shi ake aika wa, ya zo ya kwantar da rago ya gama da shi tun kafin uwargida ta sauke shayi. A ba shi kai da ƙafafu, a yi masa godiya, amma da wuya ka ji an ce ya shigo ya zauna. In ya juya baya sai tsofaffi su ce, "Manji ke nan," su yi shiru. Matasa sun ɗauka laƙabi ne kurum. Ba su san manji shi ne ɗalibin da aka aske wa kai aka yafa wa jan mayafi a hurul ba, wato gidan ibadar mabiya Buddha, domin sun taso babu hurul ko ɗaya da ya rage a ƙasar Kalmak, can cikin Rasha, da mutum zai shiga ya yi ibada.

An haife shi a shekarar 1912. Yana da shekara takwas zazzaɓi ya kwantar da shi wata biyu, ya shanye masa ƙafa. Uwarsa ta yi alkawari in ya tashi za ta ba da shi ga hurul, da ya tashi kuwa ta cika. Ta ɗora shi a kan raƙumi ta kai shi da kanta, ta damƙa shi a hannun Bagshi Zodva, babban malamin wurin, ta juyo ba ta waiwaya ba don kada yaron ya ga fuskarta.

Zodva dogon tsoho ne mai son shayi da barkwanci. Da safe yakan zaunar da ɗalibai su yi ta biya karatu da harshen Tibet har muryarsu ta dushe, wanda ya yi kure ya sha carbi a ka. Da rana kuwa, in an dama shayi da madara da gishiri, sai ya miƙe ƙafa ya shiga ba su labari da harshen gida. Ya ba su labarin ɗan sarkin nan na ƙasar Indiya da aka ɓoye wa tsufa da ciwo da mutuwa, ranar da ya gan su ya bar fada da duk abin da ke cikinta, ya yi ta nema har ya gane inda wahala take fitowa da yadda ake fita daga cikinta, aka kira shi Buddha. Ya gaya musu yadda karatun ya haura duwatsu ya shiga Tibet, ya gangaro wurin kakanninsu a gabas mai nisa, su kuma suka ɗauro littattafan a kan raƙuma suka taho da su har bakin kogin Volga, a lokacin da hurul kansa tanti ne da ake naɗewa a tashi. Abin da ya fi nanata musu shi ne, babu wanda yau ce zuwansa duniya na farko. An mutu an dawo ba adadi, saboda haka babu dabbar da ba ta taɓa zama uwar mutum ba a wata rayuwa.

Wata rana Nimgir ya tambaye shi, to me ya sa suke cin nama. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a wannan fili wanda ya ƙi nama sai dai ya ci tazargade. "Muna ci, muna jin kunya, muna yi wa dabbar addu'a. Amma hannun da ya ɗauki alkawari ba ya kashewa. Ka riƙe wannan ko ka manta sauran."

Nimgir bai manta sauran ba. Yana da kai, kafin ya kai sha tara ya haddace abin da wasu gelung, cikakkun malamai, suke duba littafi kafin su karanta, har da dogon karatun da ake yi a kunnen mamaci don a nuna masa hanya cikin kwana arba'in da tara kafin ya sake samun jiki.

A kakar 1931 gwamnati, wadda ta hana addini, ta aiko a rufe hurul. A lokacin mutum uku suka rage a ciki: Zodva, da wani gelung mai suna Chimid, da Nimgir. Wanda ya jagoranci zuwan ɗan ƙauyen ne, Muchka, shugaban gonar haɗaka, tare da mutum biyu daga gari masu bindiga. Aka tara jama'a a fili da hantsi, aka jawo raguna uku, aka ajiye wuƙa a kan kututture. Muchka ya ce duk wanda ya yanka ya nuna ya bar camfi, ya cire mayafi ya tafi gida. Wanda ya ƙi, ga amalanke can tana jira.

Zodva ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Muchka ɗan Garya, ni na raɗa maka suna. In nama kake marmari, ka tafi wurin uwarka ta dafa maka."

Wasu suka danne dariya. Chimid ya nufi amalanke da kansa. Saura Nimgir. Ya hango uwarsa a cikin taro, mijinta ya mutu, ga ƙannensa mata biyu sun riƙe mata riga. Ba ta yi masa alama ba, kallonsa kawai take yi. Bai san lokacin da ya sunkuya ya ɗauki wuƙar ba. Yana wucewa ta gaban malaminsa, tsohon ya ce da shi ƙasa-ƙasa, "Ɗana, in za ka yi, yi da sauri. Kada ka wahalar da shi."

Bai iya ba. Ya sha ganin yadda makiyaya suke tsaga ƙirji kaɗan su zura hannu su tsinke jijiya, dabba ta yi shiru nan take, amma hannunsa bai taɓa yi ba. Ya tsaga inda bai kamata ba, ya yi ta lalube, ragon yana shure-shure yana wani irin kuka, idonsa a kansa. Sai da wani tsohon makiyayi ya ture shi ya ƙarasa. Da Nimgir ya ɗago kai, jini har gwiwar hannu, amalanken ta yi nisa a kan hanyar gari. Ba a sake jin labarin Zodva da Chimid ba.

Maganar nan ta malaminsa ita ya yi ta juyawa duk tsawon ransa. Wani lokaci ya ji kamar izini aka ba shi, wani lokaci ya ji kamar sallama ce, tsohon ya cire shi daga cikin ɗalibansa ya miƙa masa sana'ar da ta dace da shi. Da Muchka ya ce gonar haɗaka tana bukatar mai yanka, kuma wanda ya fara shi zai ci gaba, Nimgir bai yi musu ba. Ya je wurin makiyayin nan ya koya, ya yi ta koyo har ya zama babu mai saurinsa a yankin. Carbinsa ya jefa a rijiya. Daga ranar bai ƙara buɗe baki da karatu ba, ko a zuci in ya taso masa sai ya kama ƙirga tumaki don ya kore shi.

Ya auri Bulgun, wata mai tatsar shanu da mijinta ya mutu, mace mai kaifin baki wadda ba ta tsoron kowa. Ta ce ita ta fi son mijin da ba ya magana, ta yi ta su biyu. Suka sami 'ya ɗaya, Saglar. Da yaƙin duniya ya zo ƙafarsa ta hana a ɗauke shi soja.

A ƙarshen shekarar 1943, cikin tsananin sanyi, sojoji suka zagaye ƙauyuka suka ce duk Kalmak su fito. Aka loda su a taragon shanu na jirgin ƙasa aka nufi Sibiriya da su. Taragon da Nimgir ya faɗa mutum ya fi arba'in a ciki, har da Muchka, wanda takardarsa ta jam'iyya mai mulki ba ta hana a turo shi ba, yana tsugune a lungu ya rufe kai da hula. Akwai kuma Kishtya, maƙwabciyarsu, mijinta yana fagen yaƙi, tana tare da ɗanta da 'yarta Nogan mai shekara huɗu. Yarinyar ta shiga da tari. Kwana biyar tana yinsa, wani busasshen tari gajere sau biyu-biyu, har mutane suka daina jinsa. Da hantsin rana ta shida ya tsaya.

Kishtya ta rarrafo ta tsakanin ƙafafun mutane da gawar a ƙirjinta, ta durƙusa gaban Nimgir.

"Manji, ka karanta mata. Ba ta san komai ba, ko hanyar rijiya ba ta sani ba. Ka gaya mata inda za ta bi."

Ya ce shi ba manji ba ne, mahauci ne, bakinsa bai cancanta ba. Ta ce ba ta tambayi cancanta ba, shi kaɗai ya sani. Bulgun ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Kai maigida, buɗe bakin nan mana." Kalmomin suna nan a harshensa, tiryan-tiryan, ko ɗaya bai ɓace ba. Ya dubi hannuwansa, sannan ya saci kallon lungun da Muchka yake. Ya girgiza kai.

Da jirgi ya tsaya, sojoji suka buɗe ƙofa suka ce a miƙo matattu. Aka karɓi yarinyar aka ɗora a kan wasu a gefen dogo, cikin ƙanƙara, a wurin da ko suna babu. Kishtya ba ta yi kuka ba. Da aka rufe ƙofa ta juyo ta ce masa, muryarta a kwance, "Shi ke nan. Tunda ka ƙi nuna mata hanya, ba ta da inda za ta. Kai ta gani a ƙarshe, kai za ta bi."

Tun kafin su sauka ya fara jin tarin. Yana zuwa ne daga bayansa, ɓangaren hagu, daidai tsayin ƙugunsa, sau biyu, ya yi shiru. Ba kullum ba. Wani lokaci a yi wata bai ji ba, sai yana tsakar aiki da rana tsaka, ya durƙusa kan dabba, ya ji shi. Ya daina waiwayawa, amma ya koyi rage sauri in yana tafiya, kamar mai jiran wani ya iso. Bulgun kaɗai ya gaya wa. Ta ce ƙirjinsa ne yake kuka, ya nemi mai ya shafa. Amma daga ranar, in ta zuba shayi, takan bar ɗan kaɗan a ƙaramin kofi a bakin taga ba tare da ta ce don wa ba.

A Sibiriya aka rarraba su a ƙauyukan Rashawa. Wuƙar ce ta raya su. An sa shi a mayankar gundumar, yana fitowa da abin da ba a ƙirgawa da nama, huhu, ƙafafu, jini a gwangwani. A sanyin farko, lokacin da mutane suke faɗuwa kamar ganye, gidaje bakwai na Bor Hudug da wannan suka rayu. Yakan ajiye ƙunshi a ƙofar Kishtya ya wuce. Tana ɗauka saboda ɗanta, ba ta taɓa ce masa sannu ba. Muchka ma ya kai masa, lokacin da kumburin yunwa ya kwantar da shi. Mutumin ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Ranar nan a jirgi, na juya fuska ne don ka samu ka karanta. Ni ma so nake in ji." Bai kai bazara ba. Nimgir ya gwammace da bai faɗa masa ba, don a da yana da abin da zai jingina ƙin nasa a kai.

Bayan shekara goma sha uku aka ce su koma. Suka tarar da Bor Hudug babu rabin gidajensa, hurul kuwa ko tubali ba a bari ba, sai tazargade da ya fi tsayi a inda harsashinsa yake. Aka yanka musu filaye a jere, rabon Nimgir ya faɗo kusa da na Kishtya, katangar kara ce kawai tsakani. Mijinta bai dawo daga yaƙi ba.

A gidanta tsofaffin mata suka fara taruwa. Sau uku a wata, ranakun azumi, sai ka gan su ɗaya bayan ɗaya da ƙullin soyayyen bortsog, irin fankensu, a hannu kamar masu zuwa shan shayi. Su rufe taga, su kunna fitilar man shanu, su fito da carbin da suka ɓoye a cikin ɗinkin riga shekara da shekaru, su kama karatu. Ba wadda ta taɓa koyo a wurin malami. Abin da suka tsinta a kunne suna yara ne, wannan ta tuna kai, waccan ta tuna gindi, tsakiya kuwa babu. Nimgir yana tsakar gida yana wasa wuƙa, yana jin suna haɗa addu'ar neman tsari da ta warkar da ciwo, su tsallake layi huɗu, su maimaita ɗaya sau biyu. Ya yi ta cije baki. Shekara uku yana jin wannan.

Bulgun ta ce masa, "Ka ga yadda kake murtuke fuska kamar raƙumin da aka hana gishiri? In kure suke yi ka je ka gyara, in ba za ka je ba ka toshe kunne ka bar ni in sha iska."

Wata ranar azumi da la'asar, suka iso wurin da suka saba tsallakewa, sai kawai aka ji murya ta tsallako katanga, babba, a dushe, ta cike layukan nan huɗu. Shi kansa ya firgita. Karatun cikin ɗakin ya tsaya. Can sai Kishtya ta fito, ta tsaya a bakin katanga, karon farko da ta dube shi ido da ido tun cikin jirgi.

"Ashe bakin yana aiki," in ji ta.

Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa, ta ƙara da cewa:

"Shigo. Wanke hannunka tukuna. A bakin ƙofa za ka zauna."

A bakin ƙofar ya zauna shekara ashirin. Bai taɓa matsawa kusa da fitila ba, ba su kuma ce ya matso ba. Ya koya musu karatun layi-layi, ya gaya musu ma'anarsa da harshen gida yadda Zodva ya gaya masa, cewa komai mai wucewa ne, cewa riƙo shi ke haifar da wahala, cewa ana yi wa duk mai rai fatan sauƙi ba a ware kowa. In suka ce masa Bagshi, wato malam, sai ya ce kada su ƙara. Suna tsokanarsa, su ce malamin da ke warin kitse, ya yi murmushi. Da an tashi ya fita kafin a raba shayi.

Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali. Bayan matan sun watse ya tsaya a tsakar gidanta, hula a hannu, ya ce in ta yarda zai karanta wa Nogan, cikakke, daga farko har ƙarshe. Kishtya tana kwashe kofuna, ba ta ɗago ba.

"Kwana arba'in da tara ka koya mana, ko ba haka ba? Yau shekara nawa? Ta riga ta shiga inda za ta shiga. Ita da ba a nuna wa hanya ba, wa ya san jikin da ta samu. Wataƙila ma dabba ta zama, ta biyo ta hannunka, ba sau ɗaya ba."

Ya sa hularsa ya fita. Washegari aka kawo masa 'yan raguna shida daga gonar haɗaka. Ya durƙusa kan na farko, ɗan ragon ya juyo ya dube shi, hannunsa ya ƙi motsi. Ya tashi ya je ofis ya ajiye wuƙa a kan tebur ya ce idonsa ya raunana. Aka mai da shi mai gadin rijiyar shanu a bayan gari. Can yake wuni shi kaɗai cikin iska, kuma a can ya fi jin tarin, don babu wata ƙara da za ta rufe shi. Masu kiwo sun ce sun sha iske shi yana magana a hankali yana duban gefen hagunsa, yana kwatanta wa wani hanya.

Bulgun ta rasu a 1979. Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da Kishtya. Da ta ga ba tashi, ta aiki surukarta ta kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba, ta ce ya matso, ba ta da muryar kira.

"Kai za ka karanta mini. Kada ka ɗauka wani abu ne. Babu wani ne kawai."

Ya ce ya ji. Ta rufe ido, sannan ta ce, "Naman nan na Sibiriya. Shi ya raya mini yaro." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba har ta cika da yamma. Ya zauna a gefen kanta ya karanta, murya ba ta rawa, ya kuma riƙa zuwa gidan har kwana arba'in da tara suka cika. Saglar ta tambaye shi daga baya ko yanzu ya samu sauƙi a ransa. Ya ce yana nan yadda yake, sai dai ya saba.

Da al'amura suka sassauta aka buɗe ɗakin ibada a Elista, babban birnin ƙasar Kalmak, wasu samari biyu masu jan mayafi, waɗanda suka yi karatu a wajen ƙasar Kalmak, suka riƙa bin ƙauyuka suna neman tsofaffin da suka san wani abu. Matan Bor Hudug suka nuna musu gidansa. Yana da shekara saba'in da takwas a lokacin, ido ya tafi. Suka ajiye rikoda a gabansa, ya yi kwana uku yana karatu, suna canza kaset. A rana ta biyu babbansu ya ajiye alƙalami ya ce akwai addu'o'i biyu a ciki da bai taɓa ji a wurin malamansa ba. Ya roƙe shi ya biyo su gari, a sake yafa masa mayafi, ko na kwanakin da suka rage masa ne.

Nimgir ya ce, "Ɗana, ku ɗauki karatun, na wanda ya ba ni ne, ajiya ce. Mayafi kuwa ku ba wanda bai taɓa cirewa ba."

Ya tambaye su ko a takardun da ake buɗewa yanzu za a iya gano inda aka kai wani tsoho Zodva a 1931. Suka rubuta sunan, suka ce za su bincika. Wasiƙa ba ta zo ba.

Ya rasu a bazarar 1991, lokacin haihuwar tumaki, yana zaune a jikin bango yana shan hantsi. Ruwan narkewar ƙanƙara ya yanke hanya, ba a samu an kira kowa daga gari ba. Tsofaffin mata huɗu da suka rage ne suka zo da sandunansu, suka kewaye shi suka karanta. Aka binne shi a tudun arewa, kusa da Bulgun. A kakar shekarar Saglar ta kwashe kayanta ta koma wurin ɗanta a Elista, wani makiyayi baƙo ya karɓi gidan ya mai da shi rumbun ciyawa.